Faranti Mai Shuɗin Baki

Kaya kala biyu. Zane ɗaya na canji, a saman jaka inda hannu zai kai da sauri. Ƙwayoyin safe da na yamma. Sabulu, takardar banɗaki, baƙar leda. Ayaba, burodi, gorar ruwa. Turare da yadi, tsarabar Umma. A aljihun Malam kuma, maganin ƙwannafi.

Abin da suka ɗauko ke nan. Sun ci rabin hanya babu wanda ya ce da wani kanzil. Sai da suka tsaya a wani gidan mai, ta fito daga banɗaki tana dafa bango, sannan ya buɗe mata ƙofar mota ya ce yau ko ta faɗa, ko shi ya faɗa.

Ta zauna ta ja bel. Ta tuna masa ya yi mata alkawari.

"Na yi. Roƙo nake ki yafe min shi."

"Ban yafe ba."

Ya tayar da mota, bai ƙara ba. Haka mijin nata yake. Malamin lissafi ne a sakandare, in ya faɗi abu sau ɗaya sai ya bar mutum da shi, kamar aikin gida.

Umma ce ta kira shekaranjiya. Ba doguwar gaisuwa, ba tambayar mai gida. Ki zo, ke kaɗai, ina son ganinki. Malam ya ce zancen ita kaɗai bai taso ba, motar haya ba ta tsayawa saboda cikin mutum ɗaya. In Umma ba ta son ganinsa, ya iya zaman mota.

A gidansu Attaruhu ake ce mata. Babanta ne ya raɗa mata, ranar da ta rarrafa ta ɗauki guda a tire ta tauna, ta bi mutane da kallo ko kuka ba ta yi ba. Ta girma da sunan, ta kuma riƙe shi da kyau. Yayanta na shan ruwa yana jan hanci, ita tana neman ƙari. Umma takan ce duk cikin 'ya'yanta ita ce ta ɗauko harshenta.

Ciwon a can ya same ta, inda ta je karatun zanen gine-gine, nesa da kowa nata. Murɗa, gudawa, jini, rama. Likita ya nuna mata hoton cikinta, ya ce hanjin ne ke kumbura yana yin gyambo. Ba ya warkewa, amma yana lafawa in ana bin sa da magani. Ta tambaye shi ko barkono ne ya jawo. Ya ce a'a, sai dai kowa da abin da ke tayar masa da nasa, ta lura da nata. Ba ta sha wahalar ganowa ba.

Malam ta gaya wa tun kafin aure, duka, har da zancen zanen canji. Ta zaci zai ce zai yi tunani. Sai ya tambaye ta me take iya ci, ya kuma tambaya ko ta gama, don yana so su yi maganar kujerun falo.

Umma ce ba ta gaya wa ba.

Dalilin yana saman kabad ɗin kicin: wata 'yar ƙaramar tukunya, a kife. Babansu ya yi doguwar jinya da ciwon ciki kafin ya rasu. A tukunyar nan Umma ta riƙa dafa masa nasa daban, fari fat, ba barkono ba mai, tana ba shi a baki yana kawar da kai. Da ya tafi, ta wanke ta, ta kife ta can sama, ta ce ita da dafa abincin marasa lafiya har abada. Tun daga nan miyar gidan ta ƙara ja. A wurin Umma, duk wanda ya zauna yana ci yana gumi, to bai shirya mutuwa ba.

Ta yaya za ta dubi matar nan ta ce a sauke tukunyar?

Zuwansu na farko bayan aure ta ci, don kada a gane. A asibiti ta ƙare. Malam ne ya wanke zanin gado, ya goge kujerar mota, ya kira ofishinsu ya nemo mata hutu. Daga nan ya fito da dabara. Umma takan aiko musu abinci ɗaki, faranti biyu. Nasa mai sauƙin yaji, tunda an san bakinsa na jarirai ne. Nata a faranti mai shuɗin baki, wanda take ci a ciki tun tana firamare, ja wur, da tsokar da ta fi kyau a sama. Sai ya cinye duka biyun, ita ta ci burodi da ayaba. Mutumin da warin barkono kawai ke sa shi atishawa, zai zauna a bakin gado yana turawa hawaye na zuba.

"Uwar ɗakina," yakan ce, "in na tafi, ki gaya wa ɗalibaina a fagen fama na faɗi."

Tana dariya tana masa fifita da murfin kwano. Farantai su koma wa Umma fes. Ita ta ɗauka abin ya zauna ke nan.

Bayan azahar suka isa. Motar Yaya na ƙofar gida, alhali ba ranar zuwansa ba ce. Malam ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gai da Umma, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri. Yaya ya ce masa ya shigo falo, akwai magana. Ita kuma Umma ta kama 'yarta a wuyan hannu, ta zagaye shi da yatsu biyu, ta ga sun haɗu har da rara. Ta ja ta ɗakinta.

Farantin na kan ɗan tebur, a rufe. Umma ta ɗaga murfi. Shinkafa, miya ja wur, mai na yawo a kai. Ƙamshin ya doke ta, yawunta ya tsinke. Abin da ba ta taɓa gaya wa ko Malam ba ke nan: ba ta daina so ba. Wani lokaci a kasuwa takan tsaya gaban mai kayan miya kamar wadda ta hango tsohon saurayi.

"Yau a gabana za ki ci."

Ta ce sun ci a hanya. Umma ta ce ai ta ga alama. Ta miƙa mata cokali.

Ta ci. Daɗin ya kai mata har ido. Na ɗan lokaci ta koma 'yar makaranta, Baba na zaune a kujerarsa yana cewa a ƙara wa Attaruhu, cikinta kuma ciki ne kawai, ba wani abu da ake lallaɓawa ba. Ta san abin da zai biyo baya. Ta sake ɗebowa.

Umma ta bari sai da ta ga ta yi nisa, sannan ta fara. Ta ce wancan zuwan nasu ta kawo musu ruwa, iska ta ɗaga labule. Da idonta ta gan shi, farantin 'yarta a cinyarsa, nasa a gefe ya riga ya suɗe, yana ci kamar wanda aka biyo, idanu jajur. 'Yarta kuma tana ƙasa da busasshen burodi a hannu.

"Kina masa fifita, Attaruhu. A gidan ubanki yake cinye miki abinci, kina masa fifita. To a gidansa me yake miki?"

"Umma..."

"Na koma da ruwana, na yi ta juya abin. Na ce ashe shi ya sa take ƙarewa. Babanku ina ji ina gani ya tafi, ba yadda na iya. Ke kam akwai yadda zan yi. Ba za ki koma ba. Yayanki na can yana gaya masa."

Cokalin ya tsaya mata a hannu.

Bango ɗaya ne tsakaninsu da falo. Ta ji muryar Yaya tana hawa. Gaskiya ne ko ƙarya? Ya ci ko bai ci ba? Ta ji Malam ya ce ya ci. Yaya ya tambaye shi dalili.

Shiru.

Ta kasa kunne. Ta san shirun nan, alkawarinta ne. Mutumin da ɗazu a gidan mai ya ce shi zai faɗa, ga shi an buɗe masa ƙofa, ana ce masa mayunwaci, ana ce masa mara kunya, ya haɗiye. Yaya ya ce to ya sawwaƙe mata, kowa ya huta. Malam ya ce wannan kam ba zai yi ba. Sauran kuma a tambaye ta.

Ta ajiye cokali. Ta tura farantin gaba.

"Umma, ba ni da lafiya. Ciwon hanji ne. Tun ina karatu."

Ta faɗa mata yadda likita ya faɗa mata, ba kwana-kwana. Ta faɗi jinin. Ta faɗi kwanciyar asibitin da ta ce wa Umma tafiyar aiki ce. Ta faɗi abin da ke cikin jakar da ba ta rabuwa da ita, da dalilin da ya sa ba ta hawa motar haya. Ta ce barkono na tayar mata da shi.

"Shi kuma kin san ba ya iya ci. Ci yake don faranti ya dawo miki ba komai."

Umma ba ta motsa ba. Hannayenta na kan cinya, a buɗe. Can ta juya ta dubi ƙofa, wajen da kicin yake.

"Irin na babanku ne?"

"A'a. Nasa ɗaukarsa ya zo yi. Nawa zama ya zo yi da ni."

"Ni na sa miki? Ni ce tun kina ƙarama nake..."

"Na tambayi likita, Umma. Ya ce ba barkono ne ya kawo shi ba. Ba ke ba ce."

Umma ta sunkuya ta dubi farantin, ta ga ramin da cokali ya yi a shinkafa.

"Kika kuma ci yanzu. Ni da hannuna na miƙa miki cokali."

"Kin ce in ci."

Ta zaci kuka Umma za ta yi. Faɗa ta yi. Ta ce ita ba ta san ta haifi wawiya ba, an tura ta karatu har ƙarshen duniya ta dawo ba ta iya cewa a'a ba. Ta ce wa ya gaya mata uwa ƙwai ce da za a riƙa lallaɓawa. Ta ce tun wancan zuwan take kai ƙarar bawan Allah a sallarta, safe da yamma, yanzu da wane baki za ta je ta janye. Ta ce jan idon nan nasa, har ta fara zargin ko shaye-shaye yake.

Attaruhu ta fashe da dariya. Murɗa ta yanke dariyar biyu.

Ta san wannan murɗar, ba ta jira. Ta tashi a duƙe ta ratsa falo zuwa banɗaki. Yaya ya miƙe yana tambayar lafiya. Malam bai tambaya ba. Fuskarta kawai ya duba, ya fita wajen mota, kafin ta gama sa sakata ta ji takunsa ya dawo.

Haka yake yi kullum, a gida ko a hanya. Zai juya wa ƙofar baya, jaka a hannu, ya kama surutu da ƙarfi, don kada kowa ya ji abin da ba ta so a ji, don ita kuma ta san yana nan. Yau labarin shugaban makarantarsu ya ɗauko, wanda ya sa aka yi wa gindin bishiyoyi farin fenti saboda manyan baƙi, baƙin ba su zo ba, ruwa ya zo. Ita tana ciki, goshi a kan gwiwa, gumi na bin bayanta, ta riƙe bututun ruwa da hannu biyu. Wutar da ta shiga ce take fita. Ta ga jini, kaɗan. Ta rufe ido ta bi muryarsa.

Sai ta ji ƙarar silifas ɗin Umma. Muryar Malam ta ɗauke.

"Ci gaba," in ji Umma. "Ni rediyo nake kunna wa babansu lokacin jinyarsa."

Bai ci gaba ba. Sannan Umma ta tambaye shi me ke cikin jakar, ya gaya mata. Ta tambaye shi me yarinyar take ci. Ya ce shinkafa mai laushi, dankali, kabewa, ƙwai, kifi, kaza in ba a soya ba. Ya ce in ciwon ya lafa tana cin fiye da haka, kuma ba lami ba ne, yana da ɗanɗano, ya ɗan koyi hannu. Umma ta ce shi fa, wa ke dafa masa nasa.

"Tukunya ɗaya muke yi, Umma."

Umma ta sassauta murya.

"Barkonon nawa," ta ce can, a hankali. "Ya yi maka yawa?"

Attaruhu ta ji shi yana neman amsar da ba za ta zama ƙarya ba, ba kuma za ta zama rashin kunya ba.

"Yana da ɗan kaifi, Umma."

Yaya ya tuntsire da dariya daga bakin falo. Umma ta yi wani sauti, ba dariya ba, ba kuka ba. Ta ce ya yafe mata, ɗan nan, ta ci namansa a zuci ba kaɗan ba. Ya ce ba ta yi masa komai ba. Da shi ne ya ga abin da ta gani ta labule, da sanda zai shigo, ba da ruwa ba.

Da ta fito, Umma ba ta wajen. Yaya na sosa ƙeya, ya ce wa Malam abin da ya faɗa ɗazu a bar shi a falo. Malam ya ce ai ya riga ya manta, ban da mayunwacin, wannan sai an ba shi lokaci. Ya kai ta tsohon ɗakinta, ya zaunar da ita a bakin gado, ya buɗe mata gorar ruwa. Ya taɓa goshinta da bayan hannu. Ya ce in bai lafa ba zuwa safe zai kira likitanta, kuma ba shawara yake nema ba.

"Kin ci da yawa?"

"Na ci."

"Ya yi daɗi?"

"Wallahi, Malam."

"To, kun yi bankwana ke nan. Ba kowa ke samu ba."

Ta kama bakin hannun rigarsa. Ta ce ta yafe masa alkawarin. Ya ce sannu da ƙoƙari, bayan an gama wanke shi tas. Ta ce me ya sa bai faɗa ba, ga shi a gidan mai ya rantse. Ya ce bai rantse ba, kurari ya yi. Ciwonta ne, uwarta ce, ba nasa ba ne ya ɗauka ya miƙa.

"Da sun raba mu fa?"

"Da na zauna a mota. Ai na gaya miki na iya."

Ta kifa goshinta a kafaɗarsa. Warin gumi da na hanya. Ta ce ba zai ƙara cin wuta saboda ita ba. Ya ce ya ji, ita ma kada ta ƙara ci saboda kowa, har shi.

Ta ɗan kwanta. Da rana ta yi sanyi, murɗar ta sassauta, ta tashi ta nemi Umma. A kicin ta same ta. Ta jawo kujerar katako ƙarƙashin kabad, ta ɗora ƙafa ɗaya a kai, ta ɗaga kai tana kallon 'yar tukunyar. Ƙura ta yi mata hula. Da gani ta daɗe a haka.

"Ƙafar ta ƙi hawa," in ji Umma, ba ta juyo ba.

Attaruhu ta dafa ta, ta sauke mata ƙafar. Ta ja kujerar ta mayar da ita jikin bango. Ta durƙusa ta buɗe kabad na ƙasa, ta jawo babbar tukunya, wadda ake dafa na gida duka a ciki, mai baƙin gindi da hannu ɗaya a lanƙwashe. Ta yi mata nauyi. Umma ta kama ɗaya hannun ba tare da an ce mata ba, suka ɗora ta kan murhu.

Yaya ya leƙo yana tambaya ko akwai mai cin ragowar da ke cikin faranti mai shuɗin baki, don shi dai ba ya son ɓarna. Attaruhu ta ce ya ɗauka, amma ya wanke farantin ya dawo mata da shi, a ciki za ta ci. Ta tura ƙofar kicin ta rufe.

"A wannan za mu dafa, Umma, na kowa da kowa. Mai son barkono ya zuba a farantinsa. Ni na daina."